Paul Robeson da Fim ɗin Sanders of the River: Ɗan Wasa da Ikon Ma'ana

Wannan maƙala ta dubi rayuwar Paul Robeson (1898-1976) ne domin fito da wata tambaya da ta shafi nazarin fim: shin saƙon fim yana hannun ɗan wasa, ko kuwa yana hannun masu shiryawa da tacewa?

An haifi Robeson a garin Princeton da ke jihar New Jersey ta Amurka. Mahaifinsa bawa ne da ya tsere, daga baya ya zama limamin coci. Robeson ya yi karatu a Rutgers, ya kuma kammala karatun lauya a Jami'ar Columbia a 1923, amma bai daɗe a aikin ba saboda wariyar launin fata. Daga nan ya koma waƙa da wasan daɓe, har ya fito a fim ɗin The Emperor Jones a 1933.

Zamansa a Landan ya cusa masa sha'awar Afirka, har ya shiga makarantar da ake kira SOAS a yau, a 1934, inda ya karanci Sawahili da ilimin furuci. Da wannan shauƙi ya karɓi matsayin Bosambo a Sanders of the River (1935), wanda Zoltan Korda ya ba da umarni, aka kuma gina shi kan labaran Edgar Wallace. Labarin yana faruwa ne a Nijeriya ta zamanin mulkin mallaka. Robeson ya yi zaton fim ɗin zai nuna al'adu da kaɗe-kaɗen Afirka cikin mutunci, ganin cewa an ɗauko ainihin hotuna daga nahiyar. Sai dai da aka gama tacewa, abin da ya fito kirari ne ga Turawan mulki: Sanders uba ne mai hikima, Bosambo kuwa yaronsa mai biyayya. Babu abin da ya ragu a muryar Robeson ko kwarjininsa, kuma a nan gizo ke saƙar, domin gwanintar tasa ce ta ƙara wa saƙon armashi. Ya fito fili ya barranta daga fim ɗin, amma bakin alƙalami ya riga ya bushe.

Ya ci gaba da neman matsayin da ba zai zubar da darajar baƙar fata ba. The Proud Valley (1940), labarin masu haƙar kwal a Wales, shi ne ya fi kwanta masa a rai. Bayan Tales of Manhattan (1942) ya daina fitowa a finafinan Hollywood.

Talabijin a Amurka kuwa ba a ma bari ya shiga ba. A 1950 tashar NBC ta soke fitowarsa a shirin Eleanor Roosevelt saboda ra'ayinsa na siyasa, a shekarar kuma gwamnatin Amurka ta ƙwace fasfonsa. Ba a mayar masa ba sai 1958.