Amsar Tambaya: Rage Rassan Dalbejiya a Bakin Titi

Tambaya: Malam, za mu rage rassan dalbejiyar ƙofar gidanmu a Yelwa, bakin titin da ya nufi Koko. 'Yan kabu-kabu da yara ba sa jin "ku tsaya". Yaya za mu yi? Mai karatu daga Yawuri.

Amsa: Ɗan'uwa, ka kyauta da ka tambaya tun ba a ɗaga gatari ba. Titin nan na Gwamnatin Tarayya ne, tireloli na binsa dare da rana. Fara sanar da mai unguwa da jami'an Hukumar Kiyaye Haɗurra. In wayar lantarki ta ratsa rassan, kada kowa ya hau sai kamfanin Kaduna Electric ya ɗauke wuta.

Ka guji ranar kasuwa da lokacin tashin 'yan makaranta. Ku kewaye wurin da igiya da durom. In itacen dungum za a kayar, tazarar ta ninka tsayinsa sau biyu. Ganyen da muka saba zubawa a kwalta kuwa, ɗan kabu-kabu ko kallonsa ba ya yi. Ka tsayar da mutum biyu da jan ƙyalle, ɗaya kowane ɓangare, da nisan da direba zai samu taka birki. Mai sara kada ya saki reshe sai sun ɗaga masa hannu. Masu kwasar itacen girki su jira a gama.