Halin Kirki da Sha'anin Mulki

Akwai wata tambaya wadda masu hikima suka daɗe suna gardama a kanta, watau ko abin da ya ke laifi ga talaka laifi ne kuma ga mai mulki. Talaka in ya yi alkawari ya saɓa, kowa ya san sunansa. To, mai mulki fa, in ya saɓa alkawari ya ce don ƙasa ta zauna lafiya ya yi haka, me za mu kira shi? Ya kamata mu dubi wannan magana tun muna makaranta, gama yawancinmu in mun fita za a danƙa mana wani abu na jama'a, ko aji, ko ofis, ko baitulmali.

Bari mu fara da Aristo, mutumin ƙasar Yunanawa, wanda aka haifa shekara 384 kafin haihuwar Annabi Isa. Ya yi shekara 20 yana almajiranci wurin Aflatun a birnin Atina. A ganinsa ba a haihuwar mutum da halin kirki, sabo ne. Yadda maƙeri ba ya zama maƙeri sai da ƙira, haka mutum ba ya zama adali sai da yawan aikata adalci. Ya ce kuma halin kirki tsakaici ne: jaruntaka tana tsakanin tsoro da ganganci, kyauta tana tsakanin rowa da almubazzaranci.

To, ina mutum zai sami wannan sabo? Daga gidansu, da garinsu, da dokokin da ya tashi a ƙarƙashinsu. Saboda haka Aristo bai raba ilmin hali da ilmin mulki ba. Shi da almajiransa suka tattara tsarin mulkin garuruwa 158, ya kuwa nuna ko mutum ɗaya ke mulki, ko 'yan kaɗan, ko jama'a da yawa, ma'aunin ɗaya ne: don amfanin jama'a a ke yi, ko don amfanin masu mulkin? Da aka juya littattafan Yunanawa da Larabci a Bagadaza, Alfarabi, wanda ya rasu a 950, ya bi wannan hanya. Ya kwatanta gari da jikin mutum, shugaba kuwa da zuciya.

Wanda ya zo da wata magana dabam shi ne Makiyabeli, mutumin Fulorans a ƙasar Italiya. Ya yi wa hukumar garinsu aikin sakatare daga 1498 zuwa 1512, aka tuɓe shi, ya rubuta littafinsa na gargaɗi ga sarakuna a 1513. Ya ce shi mutane zai duba yadda su ke, ba yadda ya kamata su zama ba. Da ya ke yawancinsu ba su da amana, sarkin da ya nace wa kirki kullum zai halaka. Don haka ya koyi saɓa alkawari in lalura ta kama, in kuwa ba zai sami so da tsoro duka ba, ya zaɓi a ji tsoronsa. Ya kawo misalin wani basarake, Borjiya, wanda ya sa wakilinsa ya murƙushe lardin Romanya da ƙarfi, da ƙasa ta kwanta kuwa ya sa aka kashe wakilin a 1502, aka ajiye gawarsa a dandalin gari don mutane su ɗauka zaluncin ba nasa ba ne.

Kamar shekara 20 kafin wannan littafi, Shehu Magili, mutumin Tilimsan, ya sauka Kano zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, wanda ya yi sarauta daga 1463 zuwa 1499. Ya rubuta masa nasiha mai babi takwas. Shi ma bai ɗauki mulki wasa ba, ya yi maganar tsaro da sa ido kan ma'aikata. Amma ya kafa kome a kan cewa sarauta amana ce, ya kuma yi ta maimaita gargaɗi kada sarki ya ɓuya wa talakawansa.

Yanzu sai mu auna. Makiyabeli yana da gaskiya wuri guda: kyakkyawar niyya kaɗai ba ta riƙe ƙasa, shugaba mai kirki marar dabara ya kan jawo wa mutanensa wahala. Amma akwai abin da ya tsallake. Mulki ba ya tafiya sai an gaskata maganar mai yinsa. Ran da talaka ya gane alkawarin hukuma ba ya ɗaure ta, ran nan zai fara ɓoye dukiyarsa daga mai haraji, ya nemi hakkinsa da toshi. Sa'an nan na ƙasa da na sama su ke koyi: in shugaba ya halatta wa kansa ƙarya don ƙasa, magatakarda zai halatta wa kansa ita don cikinsa. Borjiya ma, da ubansa Paparoma ya rasu a 1503, bai daɗe ba mulkinsa ya watse. Makiyabeli ya ɗora yawancin laifin a kan rashin sa'a, amma ramin ƙarya ƙurarre ne.

Abin da za mu riƙe shi ne, duk wanda ya ce ya yi mugun abu don jama'a, a tambaye shi ko zai yarda ya faɗa musu a fili, ya kuma ɗauki hukuncinsu. In ya ƙi, to, don kansa ya yi. In kuwa Aristo ya yi daidai cewa hali sabo ne, ashe wanda aka ba shugabancin ɗakin kwana ko ajiyar kuɗin ƙungiya a nan makaranta ya riga ya fara koyon irin mulkin da zai yi gobe. Icce tun yana ɗanye a kan tanƙwara shi.

Allah ya ba mu ikon riƙe amana, amin.