Darasi Ga Samari: Balaga Daban, Rushdi Daban

 

Ya 'yan'uwa samari, wannan magana ce da kunya ta hana iyaye da yawa su faɗa wa 'ya'yansu, har yaro ya shekara biyu ko uku yana salla da janaba bai sani ba. To, babu kunya a neman sanin addini.

Galibi tsakanin shekara 12 zuwa 15 jikin yaro yakan juya. Ya yi tsawo farat ɗaya, murya ta buɗe, ƙuraje su fito a fuska, gashi ya tsiro a gaba da hamata. Wani ma kan nononsa ya kumbura ya yi zafi, daga baya ya sace da kansa. Sai kuma mafarki. Daga ranar da maniyyi ya fita, alƙalami ya hau kanka: salla da azumi sun wajaba, wanka ya wajaba. Amma shi mafarkin babu zunubi a cikinsa, domin hadisi ya nuna an ɗauke alƙalami ga mai barci har ya farka. Masu cewa aljana ce ta aure ka, a je wajen boka a karɓo laya da turare, kuɗinka suke so, kuma su jefa ka cikin shirka. Tashi ka yi wanka ka yi sallarka.

Idan alama ba ta bayyana ba fa? Sai a koma ga shekaru. Abdullahi ɗan Umar (R.A.) an kawo shi ranar Uhudu, shekara ta 3 bayan Hijira, yana ɗan 14, Annabi (S.A.W.) ya mayar da shi. Ranar Handaƙ yana ɗan 15 aka karɓe shi. Shafi'i da Ahmad suka riƙi 15. Mashhurin mazhabar Malikiyya kuwa 18.

To, ga inda muke so ku tsaya ku yi tunani. A Suratun Nisa'i, aya ta 6, Allah bai yi umarni a miƙa wa maraya dukiyarsa don kawai ya isa aure ba. An ce a jarraba shi, sai an ga rushdi a tare da shi, wato iya riƙon kai da dukiya. Ashe ke nan mutum yana iya balaga alhali rushdin bai zo ba tukuna.

Likitoci da suka ɗauki hoton ƙwaƙwalwar matasa da na'ura sun ga abin da ya yi kama da haka. Sashen sha'awa da fushi da son burgewa yakan farka da wuri. Sashen da ke bayan goshi kuwa, mai auna ƙarshen al'amari ya ce maka dakata, ba ya gama nuna sai wajen shekara 25. Abu Hanifa ma a 25 ya tsayar da iyakar riƙe wa mutum dukiyarsa. Ba mu ce daga likita ya ji ba, ba kuma hujja muke kafawa da na'ura ba. Mun dai ambata ne.

Shi ya sa za ka ga saurayi mai ladabi a gida, amma da zarar ya hau babur abokai na kallo sai ya zama wani mutum. Yau fara'a, gobe ya ɗaure fuska ba dalili. Uwa ta yi magana ya ji kamar an zage shi, abokin majalisa ya yi magana ya ji kamar wahayi. Wannan ba uzuri ba ne, mala'iku suna rubutawa. Amma wanda ya san dokinsa ya fi linzaminsa ƙarfi ba ya sukuwa a kasuwa.

Mafi muni shi ne a zuba ƙwaya a cikin ƙwaƙwalwar da ba ta gama nuna ba. Wanda ya fara shaye-shaye da ƙuruciya ya fi saurin kamuwa, ya fi wuyar dainawa. A 2018 gwamnatin Nijeriya ta hana yin maganin tari mai kodin da shigo da shi, saboda ɓarnar da ya yi wa matasa. Duk abin da ke gusar da hankali haramun ne, ko a kwalbar magani ya zo.

Saboda haka ka ari hankalin da bai gama zuwa maka ba daga wajen wanda nasa ya cika: mahaifi, ko wa, ko malamin Sunna. Kada ka yanke babbar magana, kamar barin makaranta ko barin gida, a ranar da ranka ya ɓaci. Ka kwanta da wuri, don ɗan shekara 13 zuwa 18 yana bukatar barcin awa 8 zuwa 10, kuma mai raba dare a kan waya ba ya samun Asuba a jam'i. Wanda sha'awa ta matsa masa bai da halin aure, hadisin Ibn Mas'ud a Buhari da Muslim ya nuna masa azumi.

Darasi mai zuwa, in Allah ya yarda, shi ne farillan wankan janaba da sunnoninsa. Kowa ya zo da ƙanensa da ya kai 12.