Renon Dangin Agugu a Inuwar Lambu

Tsofaffin masu magani a ƙasar Hausa sun san agugu, wato saiwar nan da ake kawowa daga Adamawa don maganin tsila. Abin da ba kowa ya sani ba shi ne, tsiron da ake haƙo ta daga gare shi yana cikin wani babban dangi mai nau'i fiye da 10,000, wanda ba ya fure, ba ya kuma yin 'ya'ya. Ɗaya daga cikinsu, Nephrolepis undulata, yana fitowa da damina a cikin kurmi, da tsagin duwatsu, da jikin kututturen kwakwar manja.

Idan aka juya ganyensa da ya ƙosa, za a ga ɗige-ɗige masu ruwan ƙasa a jere kusa da gefe. Sau da yawa mai lambu yakan zaci cuta ce, ya sa almakashi ya datse. Alhali kuwa nan ne taskar haihuwar tsiron. Daga cikinsu wata ƙura mai laushi take zubowa, in ta sami ƙasa mai danshi sai ta tsiro ta zama ɗan falle kore mai siffar zuciya, wanda bai kai farcen ɗan yatsa ba. A ƙarƙashin fallen nan ƙwayar namiji take yin iyo cikin ruwa har ta iske ta mace. Bajamushe Wilhelm Hofmeister ne ya bayyana wannan zagaye a 1851. Ashe ke nan in babu lema, babu haihuwa.

Saboda haka sai a nema masa wuri irin na kurmi: gindin mangwaro ko bayan katangar da rana ba ta dukanta da tsaka, inda iskar hunturu ba ta ratsawa. A haɗa ruɓaɓɓen ganye da ɗan yashi, a shuka shi sama-sama, a riƙa yayyafi ba tare da ruwa ya kwanta ba.

Kuskure mafi muni yakan faru ne da kaka. Ganyen yakan bushe ƙurmus, sai a tuge shi a zubar. Bai mutu ba. Ya riga ya ajiye ƙananan curi a cikin ƙasa, waɗanda za su farfaɗo da ruwan farko. Su ne ma ya fi dacewa a raba wa maƙwabta, maimakon a shiga kurmi ana ɗebe wanda ya rage.