Yadda Ake Haɗa Na'urar Raba Sauti a Gida, da Gano Matsalarta da Wayar Hannu

Duk wanda ya saba jona wayarsa da amfilifaya ya san abin da ke faruwa idan aka ƙure murya: ƙaramar sifika ta fara karkarwa, muryar mawaƙi ta dushe, wata rana kuma a ji ƙaurin ƙuna. Dalili shi ne ana tura mata bes, wato sauti mai kauri, alhali ba don shi aka ƙera ta ba. Masu gidan kallon ƙwallo da masu kiɗan biki sun sha asarar sifiku ta wannan hanya. Maganin abin shi ne na'urar raba sauti, wadda masu gyara ke kira kurosoba.

Iri biyu ne

Akwai wadda ake sakawa cikin akwatin sifika, bayan amfilifaya. Ita ba ta buƙatar wuta, amma tana cin wani ɓangare na ƙarfin amfilifaya, kuma idan za a raba sautin a can ƙasa wajen bes, sai an nemi naɗin waya mai girma da tsada.

Ta biyun, wadda wannan darasi ya shafa, tana zama ne tsakanin waya da amfilifaya. Tana karɓar ɗan ƙaramin sautin da wayar ta fitar ta raba shi biyu: mai kauri ya tafi amfilifayar wufa, sauran ya tafi amfilifayar ƙananan sifiku. Ke nan ana buƙatar amfilifaya biyu, ko guda ɗaya mai hanya biyu. Ribar ita ce ƙananan sifikun ba za su ƙara ganin bes ba, don haka za su ɗauki murya sosai ba tare da sun fashe ba.

Tsarin da za a bi shi ne na Linkwitz-Riley, wanda injiniyoyin kamfanin Hewlett-Packard biyu, Siegfried Linkwitz da Russ Riley, suka fito da shi a 1976. Abin da ya sa ya karɓu: a daidai wurin rabuwa kowane ɓangare yana fitar da rabin sautin, kuma suna tafiya tare, don haka idan suka haɗu a iska ba ƙari ba ragi.

Lissafin wurin rabuwa

Ana auna kaurin sauti da Hz, wato sau nawa yake kaɗawa a daƙiƙa ɗaya. Lissafin wannan tsari shi ne a raba 0.1125 da sakamakon R sau C, inda R ke nufin rizisto, C kuma kafasito. Da rizisto 10k da kafasito 100nF, amsar ita ce kusan 112 Hz, wanda ya dace da raba wufa da ƙananan sifiku. Wanda ke son raba wufa da tiwita sai ya bar rizisto yadda yake ya sa kafasito 4.7nF, zai samu kusan 2,400 Hz.

Kayan da ake buƙata

Duka ana samunsu wajen masu kayan gyaran rediyo, kamar na Kasuwar Sabon Gari a Kano:

- IC TL072 guda 3, da soket mai ƙafa 8 ga kowanne. NE5532 ma yana yi, ƙafafunsu iri ɗaya ne.
- Rizisto 10k na kashi 1 cikin 100, guda 12.
- Kafasito 100nF na foliyesta guda 10, mai lamba 104 a jiki.
- Ƙananan kafasito 100nF na seramik guda 6, na layin wuta.
- Rizisto 100k guda 1, na 100 ohm guda 2, kafasito 1µF guda 1, da maɓallin murya 10k.
- Batirin 9V guda 2, allo mai huji, dalma, da waya mai raga ta sauti.

Yadda ake haɗawa

Kowane TL072 na ɗauke da masu ƙara sauti biyu. Na farko: ƙafa ta 3 mashiga, ta 2 mashigar juyi, ta 1 mafita. Na biyu: 5, 6 da 7 a jere iri ɗaya. Ƙafa ta 8 ta wutar fosi ce, ta 4 ta negatib. A jera batiran biyu, tsakiyarsu ita ce layin GND. A kowane IC a sa seramik ɗaya daga ƙafa ta 8 zuwa GND, ɗaya daga ta 4 zuwa GND, dab da ƙafafun.

Mashiga: hagu da dama na wayar kowanne ya bi ta rizisto 10k, su haɗu, su wuce ta 1µF zuwa ƙafa ta 3 ta IC na farko. Daga ƙafa ta 3 a sa 100k zuwa GND, sannan a haɗe ƙafa ta 1 da ta 2. Ƙafa ta 1 ce za ta ciyar da ɓangarorin biyu.

Ɓangaren bes, a IC na biyu: rizisto 10k biyu a jere zuwa ƙafa ta 3. Daga tsakiyarsu a sa kafasito biyu gefe da gefe, wato 200nF, zuwa ƙafa ta 1. Daga ƙafa ta 3 kafasito ɗaya zuwa GND. A haɗe 1 da 2. Sai a maimaita wannan daga ƙafa ta 1, a yi amfani da 5, 6 da 7.

Ɓangaren sama, a IC na uku: kafasito biyu a jere zuwa ƙafa ta 3. Daga tsakiyarsu rizisto 10k ɗaya zuwa ƙafa ta 1. Daga ƙafa ta 3 rizisto biyu a jere, wato 20k, zuwa GND. A haɗe 1 da 2, a maimaita a ɗaya rabin.

Fitar bes ta bi ta maɓallin murya, ƙafarsa ta tsakiya ta shiga ƙafa ta 5 ta IC na farko, a haɗe 6 da 7. Kowace mafita ta ƙarshe ta bi ta 100 ohm kafin ta fita. Wannan haɗi na hanya ɗaya ne. Mai son sitiriyo sai ya yi wa hagu da dama kowanne nasa.

Gwaji kafin a jona sifika

A nan wayar za ta yi aiki. A sauke manhajar da ke fitar da sautin gwaji, akwai su kyauta a Play Store. Ana kuma buƙatar mita mai iya karanta ƙasa da bolt 2 na AC. Irin DT830 mai araha ba za ta yi ba, domin awon AC ɗinta daga 200 yake farawa.

Da farko a auna DC a ƙafa ta 1 da ta 7 na kowane IC. Ya kamata a ga kusan sifili. Sannan a kunna 112 Hz, a daidaita muryar waya har ƙafa ta 1 ta IC na farko ta nuna 0.4V, a buɗe maɓallin bes gaba ɗaya. Mafita biyun kowacce ta nuna kusan 0.2V. A 225 Hz bes zai faɗi zuwa kusan 0.02V, na sama ya hau kusan 0.38V. A 56 Hz abin zai juya.

Idan abin ya ƙi

*Mafita ta nuna bolt 7 ko fiye na DC.* Ko dai an manta haɗe mafita da mashigar juyi, ko riziston da ke zuwa GND bai kama dalma ba. Kada a jona amfilifaya a haka.

*An ga 0.1V ko 0.05V maimakon 0.2V.* An musanya wuri. A ɓangaren sama an sa 20k inda 10k ya kamata, a na bes kuma 200nF ya koma wurin 100nF. Idan 0.1V ne, rabi ɗaya ne ke da kuskuren. Idan 0.05V ne, duka biyun.

*Muryar mawaƙi na fitowa daga wufa.* A duba lambar kafasito. Mai 103 shi ne 10nF, kuma zai kai wurin rabuwa sama da 1,100 Hz.

*IC na zafi.* Yawanci an juya shi ne a soket. A cire wuta nan take, a duba ɗigon da ke nuna ƙafa ta 1, a sa sabo. Idan daidai yake amma yana ɗumi kuma ana jin tsuwa, a duba seramik na layin wuta.

*Gurnani mara yankewa.* Wutar Najeriya da Nijar 50 Hz ce, ita ake ji. A cire wayar, a haɗe mashiga da GND. Idan ya yi shiru, matsalar daga waje take: cajar da ke jikin wayar, ko wayar sauti mara raga. Idan bai daina ba, a tara duk layukan GND a wuri ɗaya, a nesanta allon daga taransifoma. Ko kusa kada a yanke wayar ƙasa ta filogin amfilifaya don kashe gurnani, ita ce ke hana wuta jan mutum.

*Ƙara kamar ta kiyashi idan an sa Bluetooth.* Allon Bluetooth ɗin na cin wuta ɗaya da amfilifaya. A ba shi tasa daban.

*Awo daidai, amma bes ya ɓace a kunne.* Wufa da ƙananan sifiku na turawa saɓanin juna, domin wasu amfilifayoyin na juya sauti. A kunna 112 Hz, a juya wayoyin wufa biyu, a bar su a inda ƙarar ta fi.

Wuta ta dindindin

Bayan komai ya daidaita, a maye batir da taransifoma 15-0-15, diyod 1N4007 guda 4, kafasito 2200µF na bolt 35 guda 2, da 7812 da 7912. A kula, jerin ƙafafunsu ya bambanta. Na 7812: shiga, GND, fita. Na 7912: GND, shiga, fita, kuma ƙarfen bayansa na ɗauke da wutar shiga, don haka kada su haɗa ƙarfen sanyaya ɗaya ba tare da shamaki ba. Ɓangaren bolt 230 kuwa, wanda bai saba ba ya kai wa mai gyara ya haɗa masa.

Masu amfani da allon TPA3116 su sani baƙar wayar sifikarsa ba GND ba ce, haɗe ta da GND na iya ƙona allon. Wanda ya yi haɗin tiwita ya sa mata kafasito 22µF mara fosi da negatib a jere, domin yanzu ba abin da ke tsakaninta da amfilifaya. Wajen kunnawa kuma, waya da kurosoba su riga, amfilifaya a ƙarshe. Wajen kashewa a fara da amfilifaya, don kada bugun kunnawa da kashewa ya isa sifika.