BABI NA TARA: HAUSAR KASUWAR HANNUN JARI DA ABIN DA YA KAMATA MAI FARAWA YA SANI

9.0 Gabatarwa

A babin da ya gabata an yi nazarin keɓaɓɓun kalmomin wasu sana'o'in gargajiya. A wannan babi kuma za a dubi wani fage na zamani, wato zuba jari a kamfanoni. Dalilin kawo shi guda biyu ne. Na farko, kalmomi irin su hannun jari da rabon riba sun zama ruwan dare a labaran rediyo da jaridu, kuma malamin Hausa ake tambaya ma'anarsu. Na biyu, shi kansa malamin ma'aikaci ne mai ɗaukar albashi, wanda wata rana za a zo masa da tayin wata harka a ce ya zuba ɗan abin da ya tara. Idan bai san abin da kalmomin suke nufi ba, zai yi cinikin biri a sama, ya kuma ja waɗanda suka yarda da shi su faɗa tare.

9.1 Manufar Babi

Ana fatar a ƙarshen wannan babi ɗalibi ya iya bayyana ma'anar hannun jari da rabon riba da asusun haɗaka, ya lissafa riba da hasara a misali mai sauƙi, sannan ya bambance jari na gaskiya da tarkon 'yan damfara.

9.2 Jari a Tunanin Bahaushe

Jari shi ne dukiyar da mutum ya ware domin ya juya ta ta haifar da wata. Ana kuma ce masa uwar kuɗi, sunan da yake nuna cewa Bahaushe yana kallon riba a matsayin 'yar da uwa ta haifa. Tun kafin zuwan Turawa, attajiri yakan ba falke jari ya tafi fatauci Gwanja, idan ya dawo a fitar da uwa a raba riba. Haka kuma matar aure takan sayi tunkiya ta ba da kiwo, a raba 'ya'ya bisa sharaɗin da aka yi. A duk waɗannan al'adu, mai dukiya ya san abu ɗaya: idan 'yan fashi suka tare ayari, ko annoba ta faɗa wa garke, shi ma ya yi hasara. A kan wannan fahimta ce aka gina kasuwar hannun jari.

Akwai wata matsala ta rubutu da ya kamata a lura da ita. Hausa tana da kalmomi biyu da aka aro daga Larabci waɗanda ake rubutawa iri ɗaya, wato riba. Ta farko, mai dogon wasali a gaɓar farko, tana nufin ƙarin da aka samu a ciniki. Ta biyu, mai gajeren wasali, tana nufin ƙarin da ake ɗora wa bashi, wanda Musulunci ya haramta. Da yake rubutun yau da kullum ba ya nuna tsawon wasali da karin sauti, a wannan babi za a kira ta biyun kuɗin ruwa domin kauce wa ruɗani.

9.3 Hannun Jari

Idan kamfani yana buƙatar kuɗi masu yawa, yakan kasa mallakarsa zuwa ƙananan kaso masu daraja ɗaya, ya sayar wa jama'a. Kowane kaso shi ake kira hannun jari. Wanda ya saya ya zama ɗaya daga cikin masu kamfanin gwargwadon abin da ya mallaka. Yana da haƙƙin halartar babban taron shekara da jefa ƙuri'a. Ya kamata a fahimci cewa ba rance ya ba kamfanin ba, saboda haka babu wanda ya yi masa alkawarin mayar masa da uwar kuɗinsa.

Wurin da ake saye da sayar da waɗannan kaso shi ne kasuwar hannun jari. A Nijeriya an kafa ta a Legas a 1960, ta fara ciniki a 1961, aka mayar da ita ta ƙasa baki ɗaya a 1977. An buɗe reshenta a Kaduna a 1978, na Kano kuma a 1989. Tun daga 2021 ake kiran ta NGX a taƙaice. Daga cikin kamfanonin da ake cinikin hannun jarinsu akwai Dangote Cement, wanda ya shiga a 2010, da Bankin Jaiz a 2017, da MTN Nigeria a 2019. Hukumar gwamnati mai sa ido a kan harkar ita ce SEC, wadda aka kafa a 1979.

Mutum ba ya shiga kasuwar da kansa, sai ta hannun dillali mai rajista, kamar dai yadda baƙo ba ya sayen sa a kara ba tare da dillali ba. Dillalin ne zai buɗe masa asusu a ma'ajiyar hannun jari ta CSCS, inda ake rubuta abin da kowa ya mallaka, shi kuma ya karɓi la'adarsa a kan kowane ciniki. A da takardar shaida ake bayarwa. A yau dillalai da yawa suna da manhaja, mutum yana iya saye da wayarsa.

9.4 Hanyoyin Samun Riba

Mai hannun jari yana samun riba ta hanya biyu, kuma misalin saniya zai fayyace su. Mai saniya yana tatsar nono alhali saniyar tana hannunsa. Yana kuma iya sayar da ita fiye da yadda ya saya. Nonon shi ne rabon riba, wato kason da kamfani yake raba wa masu shi daga ribar da ya ci. Ƙarin kuɗin saniyar kuwa shi ne ribar sayarwa.

A ɗauka wata malama ta sayi hannun jari 2,000 a kan naira 25 kowanne. Jarinta ya kama naira 50,000 ke nan, ban da la'ada. A ƙarshen shekara kamfanin ya ba da sanarwar rabon naira 2 a kan kowane hannu, sai ta sami naira 4,000. Za a cire harajin kashi 10 cikin 100 tun daga tushe, wato naira 400, a tura mata naira 3,600. Idan farashi ya tashi zuwa naira 30 ta sayar, za ta karɓi naira 60,000. Idan kuwa ya faɗi zuwa naira 18 kuma buƙata ta tilasta mata sayarwa, naira 36,000 za ta samu, ta yi hasarar naira 14,000.

Rabon riba ba dole ba ne a kan kamfani. Shugabanninsa ne suke ba da shawarar adadin, taron shekara ya amince. A shekarar da aka yi hasara, ko aka ga ya fi kyau a mayar da ribar cikin sana'a, ana iya ƙin raba komai. Wani lokaci kuma a maimakon kuɗi akan ƙara wa kowa hannun jari kyauta, abin da za a iya kira gyara.

9.5 Asusun Haɗaka

Ba kowa ne yake da lokaci ko ilimin tantance kamfanoni ba. Domin irin waɗannan mutane aka samar da asusun haɗaka. Jama'a da yawa ne suke tara kuɗi a hannun ƙwararren manaja mai rajista da SEC, shi kuma ya rarraba su a kamfanoni da takardun lamunin gwamnati, a biya shi ladan aiki. Fa'idarsa ita ce, idan kamfani ɗaya ya durƙushe, sauran za su rage raɗaɗin. Ya yi kama da adashi ta fuskar tara kuɗi, amma sun bambanta: a adashi abin da mutum ya zuba shi yake kwasa, a nan kuwa yana iya ƙaruwa ko ya ragu.

Ga wanda yake gudun kuɗin ruwa, akwai asusun da ba ya sayen hannun jarin kamfanonin giya da caca da bankuna masu mu'amala da ruwa. Akwai kuma takardun Sukuk, waɗanda Gwamnatin Tarayya ta fara fitarwa a 2017 a kan naira biliyan 100 domin gina hanyoyi.

9.6 Darasi Daga Tarihi

A 2004 Babban Bankin Nijeriya ya umarci bankuna su ƙara jarinsu zuwa naira biliyan 25 kafin ƙarshen 2005. Bankuna suka bazama sayar da hannun jari, farashi ya yi ta hawa, ma'aikata da 'yan kasuwa suka yi rububin saye, wasu ma da bashi. A watan Maris na 2008 ma'aunin kasuwar ya haura 66,000. Cikin shekara guda ya rikito ƙasa da 22,000, wato kashi biyu cikin uku na darajar ya tafi. A 2011 aka soke lasisin bankuna uku, masu hannun jarinsu suka tashi a tutar babu. Ma'aunin bai sake kai matsayinsa na 2008 ba sai a 2023, bayan shekara 15. Wanda ya saya da rarar kuɗinsa ya iya jira. Wanda ya ci bashi kuwa, mai bashi bai jira shi ba.

Wannan hasara ce ta kasuwa. Dabam take da ta damfara, inda babu wata sana'a da ake yi, kuɗin sababbin shiga ake biyan na farko da su har ranar da asiri zai tonu. Haka ta faru da MMM a Disamban 2016, da CBEX a Afrilun 2025. Alamarsu ɗaya ce: alkawarin riba mai yawa, tabbatacciya, cikin 'yan kwanaki, tare da matsa wa mutum ya kawo wasu. Kwaɗayi mabuɗin wahala. Duk wanda ya ce babu hasara a harkarsa, ba hannun jari yake sayarwa ba.

9.7 Shawarwari ga Mai Farawa

(a) Kada a zuba kuɗin abinci ko na haya ko na makarantar yara, kada kuma a ci bashi domin saye.

(b) A tabbatar dillali ko manajan asusu yana cikin jerin masu rajista da SEC kafin a ba shi ko kwabo.

(c) A san sana'ar kamfanin, a duba rahotonsa na shekara da tarihin rabon ribarsa.

(d) A rarraba jari a fannoni dabam-dabam, a riƙa saye kaɗan-kaɗan da niyyar daɗewa.

(e) A auna riba da hauhawar farashi. A 2024 hauhawar ta wuce kashi 30 cikin 100, saboda haka ribar kashi 8 a irin wannan shekara raguwar dukiya ce.

(f) A cika takardar da za ta sa rabon riba ya riƙa shiga asusun banki kai tsaye, da suna iri ɗaya a ko'ina. A kuma sanar da iyali, domin dukiya mai yawa ta maƙale saboda masu ita sun rasu magada ba su sani ba.

9.8 Kammalawa

An ga cewa hannun jari mallaka ce a cikin sana'a, mai ɗauke da riba da hasara, kamar jarin falke da kiwon tunkiya. Malamin da zai koyar da waɗannan kalmomi ya fara da abin da yara suka sani a gida da kasuwar garinsu, sannan ya kai su ga na zamani.

9.9 Auna Fahimta

1. Bambance tsakanin rabon riba da ribar sayarwa tare da misali.
2. Wani ya sayi hannun jari 500 a kan naira 40, aka raba naira 3 a kan kowanne. Nawa zai karɓa bayan haraji?
3. Kawo jimloli biyu da za su nuna ma'anoni biyu na kalmar riba.
4. Tsara darasin minti 40 a kan kalmomin jari domin 'yan aji uku na ƙaramar sakandare.