Ki kalli idon yaron kafin ki yanke masa hukunci

'Yata, tunda Allah Ya sa kin kammala Kwalejin Ilimi ta Gidan Waya har an ba ki aji, zo ki ji wata magana. Ajinki a nan Kafanchan zai tara 'ya'yan Bajju da Atyap da Ham da Fantswam da Hausawa da Fulani, har da jikokin waɗanda aikin jirgin ƙasa ya kawo daga kudu tun da layin dogo ya ratsa garin nan wajejen 1927. Kowa da harshen da ya tashi da shi a gida, kuma da wuya ɗayansu ya buɗe baki ya ce miki bai gane ba. Kunya ba za ta bar shi ba. Saboda haka sai ki koyi kallon idanunsu.

Mutum yana zaton idonsa sulalewa yake yi a kan layin rubutu. Tun wajejen 1879 wani likitan ido a Faransa, Émile Javal, ya ba da bayanin cewa tsalle ido yake yi, ya tsaya, ya sake tsalle, kamar kaza tana tsintar tsaba. Kowace tsayuwa kusan rubu'in daƙiƙa ce, kuma a cikinta ake gani. Lokacin tsallen kuwa ƙwaƙwalwa danne ganin take yi. Ki gwada a madubi: ki dubi idonki na dama, ki koma na hagu. Ba za ki ga motsinsu ba, amma wanda ke tsaye kusa da ke zai gani. Ga shi kuma wurin da ido ke gani tangaran ɗan ƙarami ne, bai wuce faɗin farcen babban yatsa ba idan kin miƙe hannu. Dole ke nan ido ya yi ta zaɓen inda zai sauka, sau uku ko huɗu a daƙiƙa guda.

To wa ke yi masa zaɓen? Abu mai motsi ko mai ƙyalli yana fizgarsa, shi ya sa akuya in ta gifta ta taga za ta kwashe miki rabin aji. Amma babban jagoransa shi ne tambayar da ke zuciyar mai shi. Wani masani ɗan Rasha, Alfred Yarbus, ya nuna haka a littafinsa na 1965. Ya sa a gaban mutum zanen Ilya Repin na wani magidanci da ya faɗo gida ba zato, yana bin sawun idon da na'ura. Da ya ce a kimanta arzikin gidan, sai ido ya bi kayan ɗaki da tufafi. Da ya ce a faɗi shekarun mutanen, sai ya tattara a kan fuskoki. Zanen bai sauya ba, tambayar ce ta sauya. Kin sha ganin haka a kasuwa lokacin kakar citta. Ni da ke buhu kawai muke gani, amma tsohon dillali zai damƙo hannu guda, idonsa ya tafi kai tsaye ga bushewarta da launin tsagarta, ya yanka farashi. Ido ba mudu ba ne, amma ya san kima, idan an hore shi.

Amfanin wannan a gare ki shi ne, kada ki ce wa yara "ku karanta shafi na goma" ki yi shiru. Ki ba su tambaya tukuna: wa ya fara yin fushi a labarin nan? Idon da aka aika da saƙo ya san inda zai je.

Yanzu ga abin da na fi so ki riƙe. Idan yaro yana karatu, ki bar tsayawa a bayansa. Ki zauna gabansa, littafin a tsakaninku, ki dubi idonsa ta saman shafin. Kalmar da ya saba da ita ba ya daɗewa a kanta, ƙananan kalmomi ma tsallake su yake yi. Inda ya daɗe, ko ya koma baya sau biyu, nan ne ƙullin yake, kuma kin gano shi ba tare da kin kunyata shi a gaban 'yan'uwansa ba. Komawa baya ba laifi ba ce, gwanayen karatu ma suna yi, kusan sau ɗaya cikin kowane tsalle goma. Kada kuma a ruɗe ki cewa idon ne ba shi da horo. Galibi kalmar ce bai sani ba. Ki koya masa ita, idon zai miƙe da kansa. Yaron da ya fito daga makarantar allo kuma ki ba shi lokaci. Mai karanta boko idonsa yana leƙen haruffan da ke gaba ta dama, mai karanta Larabci ko ajami ta hagu yake leƙe, kuma wanda ya ƙware a duka biyun yana juyawa gwargwadon rubutun da ke gabansa.

Sai maganar kau da ido. An ce labarin zuciya a tambayi fuska, amma a tambaye ta da hankali. Akwai masu cewa wanda ya kalli sama ta dama ƙarya yake shiryawa. Richard Wiseman da abokan aikinsa a Birtaniya sun gwada wannan a 2012, ba su samu wata alaƙa ba. Binciken Gwyneth Doherty-Sneddon a Jami'ar Stirling kuma ya nuna yara suna ƙara kau da ido daga fuskar mai tambaya idan tambayar ta yi tsauri, domin kallon fuska yana cin hankali. Ki haɗa wannan da tarbiyyarmu, inda aka koya wa yaro sunkuyar da kai gaban babba. Sai malami ya daka masa tsawa, "Kalle ni ina maka magana!" Ya katse masa lissafi, ya kuma sa shi yin abin da a gida ake kira rashin kunya. Ki yi masa uzuri, ki jira amsar.

Kada dai ki ɗauka ido ya gama faɗin komai. Yaro zai ƙura wa allo ido alhali hankalinsa yana filin ƙwallo. A gwajin Daniel Simons da Christopher Chabris na 1999, kusan rabin waɗanda aka sa ƙirga jifan ƙwallo a wani bidiyo ba su lura da mutum sanye da rigar goggon biri da ya ratsa tsakiyar 'yan wasan ba. Ido ya nuna miki inda za ki bincika, tambaya ce za ta tabbatar.

Wanda kuwa kika ga yana kanne ido, ko yana manna fuska da littafi, ko idonsa ɗaya yana karkacewa, wannan ba aikin bulala ba ne. Ki dawo da shi layin gaba, ki kira iyayensa su kai shi asibiti a duba, in ta kama har Cibiyar Kula da Ido ta Ƙasa da ke Kaduna. Ki yi haka tun a zangon farko, 'yata, kada ki jira sakamakon jarrabawa. Allah Ya yi miki jagora.